Sarautar da Surukina Ya Ba Ni

Gyaran mota nake yi a Dagenham, a Ingila, shi ya sa da surukina ya sayi babur ɗin gudu a kan ƙanƙara don hutunsu a Norway, garejina ya kawo shi. Ban taɓa ganin irinsa ba sai a waya, amma ban faɗa masa ba.

Ya ce, "An ce sai an zaɓi kwanar helix, wani murɗaɗɗen ƙarfe a cikin kuloci. Ka san shi?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Baba, inji ai inji ne. Mai kwana mafi tsanani za mu sa, shi ne gudu." Nan take na yi odarsa, na ɗaura da hannuna.

Da suka isa Norway, a tudun farko injin ya shaƙe, bel ya ƙone. Wata tsohuwa ce ta ja Baba da babur ɗinsa da igiya har masauki, jikokinsa suna kallo.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, sai ya naɗa ni Sarkin Ƙanƙarar Dagenham. Har yau idan firij ya lalace aka ce a kira Sarki, sai Baba ya girgiza kai ya ce, "Ku ƙyale shi, muna son firij ɗinmu."