Alkakin Goggo a Kan Murhu

Har gobe ba na jin zan manta da ranar da na kai baƙin otal ɗinmu gidan Goggo a Mandawari. Bayan korona otal ya zama kamar kango. Manaja ya ce masu kuɗi sun daina son cunkoso, yanzu mutum uku ko huɗu suke so, a sarari mai iska, su ga rayuwar gaske. Wanda ya kawo tsari mai kyau zai ci gaba da aiki, wanda bai kawo ba ya kama gabansa. Ni da baki, na miƙe na ce Goggo, ƙanwar babana, ta fi kowa iya alkaki a cikin birni. Manaja ya amince in kai baƙi su ga yadda take yi.

Ana gobe za su zo na je na gyara gidan yadda nake ganin baƙo zai so. Na tura gas ɗinta ɗaki, na lulluɓe firji da zane, na haɗa murhu a tsakar gida, na sayo itace (ɗanye ne ashe, ni ina na sani). Na kuma roƙe ta kada ta yi Turanci. Goggo fa tsohuwar hedimasta ce.

Ta dube ni ta ce, "To, ɗan nan. Aikinka ne."

Baƙi huɗu suka zo, aka hura wuta. Hayaƙi ya turnuƙe. Mutanen da na yi wa alkawarin iska mai tsafta suka kama tari, kowa yana ja da baya daga ɗan'uwansa yana lalubar takunkumi. Alkakin farko ya fito baƙi ƙirin. Wata baƙuwa, idonta jawur, ta ce in tambayi Mama shekara nawa ta yi tana girki haka.

Kafin in shirya ƙarya, Goggo ta share hawaye, ta amsa da Turancin da ya fi nawa: "Tun ƙarfe tara na safiyar yau."

Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina. Ta ce, "Tashi ka ɗauko min gas ɗina." Na kinkimo shi a gabansu. Ta soya, suka ci, suka yi hira har la'asar.

Ban rasa aiki ba, don baƙin sun yabi Goggo sosai. Yanzu duk Asabar muna kai mata baƙi, ita ke tsara komai. Na kuma koyi cewa in za ka nuna gidanku, ka fara tambayar masu gidan. Nawa aikin, sayo gas in ya ƙare.