Takobin Da Ya Suɓuce Mini a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata kaka da muka je ƙauyen su matata, can gaba da Wamakko. Al'adarsu ce in an gama kai gero gida a share fili a yi wasa, magidanta su fito rawar takobi. Ni kuwa malamin makaranta ne, haifaffen unguwar Ƙofar Atiku a cikin birni, abin da na fi riƙewa a duniya shi ne alli.

Bakina ne ya ja mini. Muna cin tuwo da yayan matata, Sani, yana ta yabon 'yan rawar garinsu, sai na ji raina bai so a bar 'yan birni a baya ba. Na ce ai ni ma na iya, gadon gidanmu ne. (Gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa riƙe takobi, na katako, a wasan kwaikwayon makaranta.)

Da la'asar fili ya cika. Dattawa na zaune kan tabarmi, sun jingina da dammunan gero, surukina a tsakiyarsu. Ina can baya ina kallo cikin babbar rigata, sai na ji makaɗi ya kama sunana. Ashe Sani ya kai masa labari.

"Malam, mi kaka jira?" in ji Sani, yana miƙo mini takobi. "Baba na kallo hwa."

Da na ce ƙafata ke ciwo, da an wuce wurin. Amma mata sun riga sun ɗau guɗa, har da matata. Na karɓa. Jama'a, ashe takobin gaske nauyi gare shi! Na shiga fili ina kwaikwayon abin da na ga ana yi, taku biyu gaba, ɗaya baya, a ɗaga a kaɗa. Da na ji an yi sowa sai kaina ya kumbura, na ce bari in juya shi bisa kai kamar yadda gwanayen ke yi.

Tafin hannuna duk gumi ne. Juyi na biyu hannun riga ya harɗe ni, sai na ji hannuna wayam.

Kiɗa ya tsaya. Na ga takobi na walƙiya a sama ya nufi wajen dattawa. Na runtse ido, na dafe kai, na ƙwala ihu, "Wayyo Inna!" (Ina da shekara talatin da shida a lokacin, da 'ya'ya biyu.) A raina na gama cewa na kashe uban matata.

Da na buɗe ido, ga takobi tsaye cikin damin gero, tsakaninsa da kafaɗar surukina bai kai kamu ɗaya ba. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Na zube nan ƙasa ina ta Alhamdulillahi.

Tsohon ya zare takobin a hankali, ya duba kaifinsa, ya goge da gefen riga. Na rarrafa na durƙusa gabansa.

"Baba, a gafarce ni. Wallahi ban iya ba, cika baki ne."

"Mun gani," in ji shi. "Tashi, ɗana. Allah ya tsare. Amma baɗi in za ka yi rawa, ka hwaɗa muna da wuri mu koma bayan rumbu."

Filin ya ɗauki dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba, don ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya ba sai ran nan.

Tun daga lokacin, duk abin da ban iya ba nakan faɗa tun kafin a miƙo mini shi. Wasan kaka kuwa har yanzu ina zuwa, kuma a fagen tafi ba a bar ni a baya ba.