Ranar da Aka Kama Ni da Jarka a Shataletale

Jama'a, idan kun ga fuskata a talabijin cikin makon nan ina washe baki kamar wanda aka ba kyautar mota, ku yi mini uzuri. Ba murna nake yi ba. Leɓɓana ne suka bushe suka ƙi rufuwa. Bari ku ji yadda aka yi.

Famfon gidanmu ya daɗe da yin ritaya. In ka murɗa shi sai ya yi tari kamar tsohon da ya ƙware, ya huro maka iska mai zafi, ya yi shiru. Ba na ganin laifinsa. Lokacin da na tare a unguwar nan, gidana ne na ƙarshe, bayan katangata babu komai sai rairayi har iya ganinka. Yau in na taka bulo na leƙa, gidaje ne jere har iya ganinka, kowanne da baƙin tanki a kansa kamar hula, kuma duk wanda ka ƙwanƙwasa sai ya amsa maka da muryar ganga. Garin nan girma yake yi kamar kumburi. An yanka filaye, an sayar, an kafa allo mai hoton ciyawa da yara suna wasa, amma bututun da aka ce yana tafe har yau yana hanya. Wataƙila a ƙafa yake tahowa.

Abin da ke riƙe da ranmu shi ne tankar Dogo. Dogo direba ne, mutumin kirki, da ka ji hon ɗinsa sai ka ga mata da yara sun fito da bokitai. To, kwana da kwanaki ba a ji hon ɗin ba. Wayarsa a kashe. Masu tura ruwa a kura ma sun ɓace kamar an share su.

Inna, mahaifiyata, a wurina take. Likita ya ce ƙodarta ta gaji, magani na farko shi ne ta riƙa shan ruwa da yawa, kada ta bari ƙishi ya kama ta. Ranar da abin ya faru, da safe, maman yara ta ja ni gefe ta karkata mini randa, na ga gindin randar a bushe. Sannan ta faɗa mini abin da ya fi wannan ciwo: tun jiya Inna ke cewa ba ta jin ƙishi, duk kofin da aka miƙa mata sai ta faki ido ta ba jikokinta. Na shiga ɗakinta na same ta kwance tana fifita da murfin kwano. Na tambaye ta, ta ce in rabu da ita, ita tsufa ya rage mata shan ruwa. Harshenta kuwa da ƙyar yake juyawa.

Na fito ban san inda zan dosa ba, sai ga maƙwabcina Mai Aski zaune a ƙofar shagonsa ya haɗa kai da gwiwa, don shi ma ba shi da abin jiƙa gemun kowa. Da na gaya masa, sai ya ce ai shi jiya ya ga ruwa da idonsa a sabon shataletalen tsakiyar gari, yana tashi sama ya fi tsayin bene, yana faɗowa cikin wani ƙaton kwatami, ba mai sha, ba mai ɗiba. Na ce ko dai rana ce ta taɓa masa kai. Ya rantse. Muka ɗaure jarkoki a babur ɗinsa muka kama hanya.

Wanda bai ratsa garin nan da hantsi ba bai san abin da ake kira ci gaba ba. Kwalta ta yi laushi tana kama taya. Mun wuce layin masu jiran mai, wanda ya yi tsawon da har masu sayar da kaya sun kafa rumfuna a gefensa. Mun wuce dogayen benayen gilashi da babu kowa a ciki sai masu gadi, suna haska wa mai wucewa rana a ido, wai ko wadda ke sama ba ta ishe shi ba. Daga nan muka shiga sabon titi mai itatuwan dabino a jere. Na ce wa Mai Aski ya tsaya mu ɗan sha inuwa. Da na dafa ɗaya sai na janye hannu ba shiri. Roba ce. Har da 'ya'yanta na roba, jajaye, sun nuna. A nan dole in yaba wa manyanmu, domin sun samo itacen da ba ya neman ruwa, kamar dai yadda suke fatan mu ma mu zama.

Mai Aski bai yi ƙarya ba. Ruwa ne yake tsiri sama, yana rawa, yana rabuwa gida-gida, iska tana kaɗo mana feshinsa. Na tsaya baki buɗe. Da muka zagaya ta baya don neman wurin ajiye babur, sai ga asirin a fili: bayan wani dogon shinge na kwano, motocin tankar ruwan garin nan kaf a jere, kowacce an jona mata tiyo. Ga Dogo zaune a ƙarƙashin motarsa. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai. Ya ce an tattaro su ne daga sama, an karɓe wayoyinsu, an ce wanda ya motsa kafin a gama bikin buɗe wurin ya yi sallama da tuƙi. Ya tambaye ni jikin Inna. Na faɗa masa. Ya dubi famfon motarsa, ya dubi mai kakin da ke tsaye a kai da kulki.

Ba mu ɓata lokaci ba. Muka tsallaka ɗan ƙarfen da aka kewaye kwatamin da shi, na danna jarka cikin ruwa. Tana cikin yin ɓul-ɓul ɗin nan mai daɗin ji sai na ji wani mai kaki ya cafke mini wuyan riga.

"Malam, me kake yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa nake ɗiba. Tsohuwata ce ba lafiya."

Ya ce, "Wannan ruwan na kallo ne."

Na roƙe shi, na ce to ya bar ni in kai mata jarka ɗaya ita ma ta kalla. Bai ga abin dariya ba. Ya sa na juye abin da na ɗiba da hannuna, aka ƙwace jarkokin aka cilla bayan mota, aka ce mu ma mu bi su. Laifinmu, in ji shi, ɓata ƙawar birni da yunƙurin kunyata hukuma a gaban baƙi. Mai Aski ya fara salati a hankali.

Ƙafata ɗaya na cikin mota sai ga wani mai kwat ya taho a guje, gumi ya jiƙa shi sharkaf, waya a kowane kunne. Ashe motocin da aka tura su kwaso masu tafi sun maƙale a layin mai, ga baƙi daga ƙasashen waje sun kusa isowa, ga kujeru wayam. Ya dube mu sama da ƙasa ya tambayi mai kakin ko mu 'yan gari ne. Da aka ce masa e, sai ya ce a sake mu maza, jama'ar gari masu farin ciki yake nema. Nan take aka ƙara mana girma daga ɓarayi zuwa manyan shaidu. Aka ba kowannenmu farar riga da hula mai rubutun "Birninmu, Jin Daɗinmu", aka haɗa mu da masu shara, da 'yan talla, da wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya kawai, aka jera mu a rana.

Su kuwa manya suna ƙarƙashin rumfa, na'ura tana hura musu sanyi, robobin ruwa a gaban kowa suna naso. Da idona na ga wani mai tumbi ya buɗe ɗaya ya tsiyaya a kan takalminsa ya sa an goge. Allah ya ƙara wa takalmin lafiya.

Can sai jiniya ta karaɗe wuri, Mai Girma Sarkin Yanka Zare, Mai Almakashin Zinare, Uban Marasa Ƙishi, ya sauko. Ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce kwamitin masana ya zauna ya auna jin daɗin rayuwa a biranen hamada, ya gano cewa namu yana sahun gaba. Ban san da wane mudu aka auna ba, ban kuma san a falon wa aka yi awon ba, amma mai kwat ya ɗaga hannu, muka tafa. Ya ce kakanninmu sun yi yawo suna neman ruwa, yau ga shi ruwa na tashi sama yana gaishe mu. Muka tafa. Ya ce nan ba da daɗewa ba kowace unguwa za ta samu irin nata. Mai Aski ya raɗa mini cewa in haka ne sai a sayo ƙarin masu kulki. Baƙin, waɗanda rana ta riga ta mayar da su jajaye, suna ta ɗaukar hoto suna gyaɗa kai.

Ni dai hankalina yana kan Inna. Ina lissafin yadda zan sulale, sai ga wata 'yar jarida ta dasa mini abin magana a baki, ta ce in faɗa wa duniya yadda nake ji. Na ce to, ga dama ta samu. Na ce mata famfonmu ya mutu, tankokinmu ga su can bayan shinge, mahaifiyata tana kwance tana ɓoye ƙishi don jikokinta su sha. Na ƙare da cewa, wallahi tun da na zo garin nan ban taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba. Ta yi murmushi ta ce na yi magana mai ratsa zuciya. Mai Aski shi ma ya zazzage nasa, ya ce mu da barin garin nan sai dai mutuwa, don ba mu da wurin zuwa.

Motar Mai Girma ta ƙarshe ba ta gama shan kwana ba aka kashe injin. Ruwan da ke rawa ya faɗo tim, ya kwanta. Na ruga wurin mai kakin na ce tunda an gama kallo, ko za a bar mu mu ɗiba. Ya yi dariya ya nuna mini wasu buhuna da aka zazzage: an zuba wa ruwan shuɗin sinadari don ya fito kamar teku a hoto, ko akuya ba za ta sha ba. Muna tsaye suka buɗe magudana, ruwan unguwanni ya bi kwata yana sheƙi.

Matan da ke kwashe kujeru su suka ji tausayina. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta ji abin da na faɗa wa 'yar jarida, ta tattaro mini robobin da manya suka bari ba su buɗe ba, ta ƙulle mini su a cikin farar rigar nan, ta ce in yi sauri, in gaida Inna. Jarkokinmu kuwa an ce suna hannun hukuma ana bincike.

Da na isa gida na tallafi kan Inna na kafa mata roba a baki. Ta so ta yi gardama, maman yara ta nuna mata cewa yaran kowa ya samu tasa. Ta sha, ta huta, ta sake sha. Ban san raina a ɗaure yake ba sai da na ga gumi ya tsatso mata a goshi. Kafin faɗuwar rana kuma muka ji hon ɗin da muka yi kewa. Dogo ne, da ɗan abin da ya rage a gindin tankarsa wanda bai shiga kwatami ba, kuma a ƙofarmu ya fara tsayawa.

Wutar lantarki, wadda ba ta san hanyar unguwarmu ba, ranar sai ga ta daidai lokacin labarai. Maƙwabta suka cika tsakar gidana. Aka nuno Mai Girma da almakashi, aka nuno ruwa, sai ga ni da hula, haƙora a waje, ina cewa tun da na zo garin nan ban taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba. Iyakar abin da aka bari ke nan. Aka nuno Mai Aski yana cewa mu da barin garin nan sai dai mutuwa. Inna ta dube ni daga kan tabarmarta ta ce, "Ashe daɗi kake ji, ɗan nan, ba ka taɓa gaya mini ba."

Tun daga ranar ba na iya wucewa ta layinmu sai an tambaye ni ya jin daɗi. Mai Aski ya rasa mutum biyu cikin masu zuwa aski wurinsa, sun ce ba za su miƙa wuyansu ga ɗan koren manya ba.

Ɗazu kuma ina cikin rubuta muku wannan, Kawu ya bugo daga ƙauye. Ya ce duk garin sun gan ni, an yi ta sa mini albarka. Ya ce ya sayar da awakinsa, ƙarshen wata yana tafe da iyalinsa gaba ɗaya, kuma maƙwabtansa gida uku sun ce ƙafarsa ƙafarsu. Kawu ne, ba a musu da shi. Na ce Allah ya kawo su lafiya, birni na kowa ne, sai dai don Allah kowa ya taho da ruwansa.