Ranar da Na Gyara Ƙofar Kaka

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka zo ɗaukar hoton baikon Yaya Samira ba. Ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bari ba. Har yau idan abu ya tsufa a gidan nan, ko da bokiti ne, sai wani ya ce a ɓoye shi kafin in gani.

Ni dai ba mai magana ba ce. A makarantarmu sai da muka yi shekara guda a benci ɗaya da wata yarinya kafin ta san muryata. Amma ina da ido. Na san malamin da ke maimaita safa kwana uku, kuma daga yadda Mama ke ajiye murfin tukunya nake gane ranta a ɓace yake. Wannan ya sa na ɗauki kaina gwanar fahimtar mutane (daga nan matsalar ta faro).

Yaya Samira ita ce babbarmu. Wanda za ta aura, Yaya Mubarak, aikinsa fitar wa ’yan kasuwa kaya daga tashar jirgin ruwa, kuma iyayensa a unguwar Avédji suke, a gidan da har tsakar gida tayil ne. Lokacin ana yayin hoton baiko irin na mutanen da: amarya ta yi kitson zare, ta ɗaura tsohuwar atamfa, ango ya sa tabarau mai faɗi, a ajiye tsohon rediyo a gefe, hoton ya fito fari da baƙi. Na ji ana ta maganar a gida, na kuma ji an ce a bakin ƙofar Kaka za a ɗauka. Dalilin ne ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Ƙofar Kaka ta katako ce, tana jikin ɗakin ajiya can bayan bishiyar mangwaro, inda marigayi kakanmu Alhaji yake tara goro. Lokacin da aka tashi tsohon Zongo, unguwar Hausawa, daga cikin gari, ita kaɗai ya ciro daga gidansu, ya ɗora a mota ya kawo nan. Fentinta duk ya ɓaɓɓare. Wani wuri kore, wani wuri ruwan ƙasa, can ƙasa kuma ka hango ɗan shuɗi. A tsakiya akwai sunan Alhaji da ajami, shi ya karta da ƙusa.

Abu biyu na gani da idona. Ranar da Hajiya, mahaifiyar Yaya Mubarak, ta kawo kayan baiko, ta zagaya yin alwala ta tsaya a gaban ƙofar nan. Ta sa yatsa ta shafa inda fentin ya tashi, ta daɗe tana kallo. Na ce a raina shi ke nan, ta raina mu. Ranar Alhamis kuma mai ɗaukar hoton ta zo duba wuri, wata doguwar mata daga unguwar Kodjoviakopé da ake kira Da Afi. Ta durƙusa tana ɗaukar hoton tsagin katakon ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza kai, tana cewa wani abu da yaren Mina ƙasa-ƙasa. Na ce wannan kuma tausayinmu take ji.

Saboda haka na yanke shawarar fitar da gidanmu kunya, ni kaɗai, ba tare da na gaya wa kowa ba.

Safiyar Asabar Yaya ta tafi kitso, Mama ta tafi kasuwa, Kaka ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Na ɗauko ragowar fentin mai da Baba ya shafa wa ƙofar waje da Sallar Layya, shuɗi ne mai sheƙi. Na kankare abin da zai kankaru da tsohuwar wuƙa, na shafa hannu ɗaya, na ga bai rufe ba, na ƙara na biyu. Sunan Alhaji kam na kewaye shi a hankali da bakin burushi, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na ja baya na jingina da bango ina kallon aikina, har na fara tsara yadda zan sunkuyar da kai idan aka fara yabona. Sannan na wanke hannu da kananzir, na duba fuskata a madubi sau uku, na goge ƙasan silifas ɗina.

Ƙarfe huɗu Da Afi ta iso a kan zemijan, wato acaɓa, jakar kyamara a ƙirji, don ta ce hasken la’asar take so. Yaya Mubarak ya zo da Hajiya. Da ƙyar ya samu hutun wannan yinin, kuma ranar Litinin za a kai hoton wajen masu buga katin biki. Yaya ta fito cikin atamfar auren Kaka, kitson zaren ya miƙe tsaye, ta yi kyau har na ji ƙwalla. Muka ɗunguma bayan mangwaro, ni a ƙarshe, ɗauke da tsohon rediyon.

Da Afi ce ta fara tsayawa. Ta kalli ƙofar, ta waiwaya kamar ta yi ɓatan hanya, sannan ta tambaya da Faransanci ina aka kai waccan ƙofar. Ta taɓa da ɗan yatsa, yatsan ya dawo shuɗi. Damina ce, iskar teku ta jiƙa komai, fentin ko niyyar bushewa bai yi ba.

A nan na ji abin da ya kamata in tambaya tun farko. Yaya ta ce wa Mama ai saboda tsufan ƙofar ta ƙi zuwa bakin teku da tsoffin gidajen cikin gari inda kowa ke zuwa. A gaban ƙofar nan Kaka da Alhaji suka ɗauki hoton aurensu, shi take so ta maimaita. Da Afi ta ƙara da cewa ta yi shekaru tana wannan aiki ba ta samu ƙofa irin wannan ba, har ta nuna wa abokan aikinta hotunanta.

Mama ta fara lissafa waɗanda za su iya aikata wannan ta’asa. Ta kira sunan mai gyaran famfo, ta kira sunan Baba. Ni ina tsaye, rediyo a ƙirji, ina addu’ar kada iska ta kai musu warin kananzir. Sai na ji Hajiya, surukar da nake kare mutuncinmu a gabanta, ta yi magana daga bayana cikin sanyin murya.

“’Yata, ɗan juya mana.”

Na juya. Ashe lokacin da na ja baya ina sha’awar aikina, a kan burushin na jingina. Shatinsa na nan ɓaro-ɓaro a bayan farin hijabina, har da layin gashinsa. Ni da nake ƙirga safar malamai, tun safe nake yawo da shaida a gadon baya.

Ba wanda ya yi ihu, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Yaya Mubarak ya cire tabarau yana gogewa ba gaira ba dalili. Mama ta tambaye ni me ya kai ni. Duk maganar da ban yi ba a shekara sai ta fito a lokaci guda: na ce na ga Hajiya ta shafa ƙofar, na zaci ta raina mu. A gabanta na faɗa. Hajiya ta ce Allah sarki, ita ma a tsohon Zongo aka haife ta, shuɗin nan na can ƙasa ne ya tuna mata gidan mahaifinta.

Sai Kaka ta juya. Ta shiga ɗaki ta fito da hoton auren nata, wanda ke rataye a saman gadonta, ta miƙo mini.

“Uwar tsafta, ke da kike da ido, dubi kakanki. Me ya sa ya tsaya haka?”

Na kalli hoton nan ya fi sau ɗari. Alhaji a sandare, hannuwa a gaba, ya turo ƙirji, tsakaninsa da ƙofar kamar taƙi guda. Kullum na ɗauka kunya ce irin tawa. Kaka ta ce ba kunya ba ce, da safen ranar ya shafe ƙofar da fenti don kada danginta su ce gidansu ya tsufa, mai hoto ya zo fentin bai bushe ba. Ta ɗaga gefen atamfar da ke jikin Yaya, ta nuna wani ɗan tabo da ya koɗe, wanda duk muka ɗauka zanen atamfar ne.

“Gadonsa kika yi,” in ji ta. “Shi ma bai tambayi kowa ba.”

Da Afi ta karɓi hoton ta daɗe tana dubawa. Ta yi mita cewa sabon fenti yana ƙyalli a kyamara, ta sa muka jira rana ta ƙara sauka, ta sa ni riƙe wani farin allo don tare haske (hukuncina ke nan, minti arba’in hannu a sama). Ta tsayar da su taƙi guda daga ƙofar, Yaya Mubarak ya haɗa hannuwa a gaba ya sandare, shi ma da dalilinsa, don babbar rigar aro ce.

Hoton ya yi kyau, an kai shi ranar Litinin, sunan Alhaji ya fito tsakanin kafaɗunsu. Amma ba zan ce komai ya koma daidai ba. Yaya ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba. Wata safiya kuma na ga Kaka ta kai hannu ƙofar tana laluben wani gurbi da tafinta ya saba da shi, ta tarar da santsi, ta tsaya jim sannan ta tura. Ba ta san na gani ba.

Yanzu idan na ga mutum yana girgiza kai a gaban wani abu, nakan daure in buɗe baki in tambaye shi me ya gani. Kuma kafin in fita daga ɗaki, ina duba bayana ma.