Yadda Za Ka Karanta Littafin Soyayya a Majalisa Ana Zaton Kimiyya Kake Yi

Kai magidanci mai gemu, da ka ɗauki littafin soyayyar matarka don ka ga shirmen da ke sa tuwo ƙonewa, ga shi yanzu ka kasa ajiyewa: kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka sha labarinka a tsakiyar majalisa girmanka bai zube ba. Daga Jega har Maiyama ba wanda ya taɓa kawo mini ƙara.

1. Nemo bango

Je Aliero wurin ƙanenka ɗan jami'a, ka aro littafin nan na taurari mai hoton wata a gaba. Ɓare bangon a hankali ka liƙa wa na uwargida. Cikin kuwa tura masa ƙarƙashin katifa, shi ma ba karantawa yake yi ba.

2. Gyara fuska

Mai karatun kimiyya ba ya murmushi. Idan saurayi ya tsaya a ƙofar gidan su Fadila, yarinyar cikin labarin, yana rantse-rantse, kai haɗe rai, ka gyaɗa kai, ka ce, "Ikon Allah!" Idan hawaye suka zo, to ai ƙasar albasa kake. Ɗora laifin a kan buhunan da ake lodawa. Ba wanda zai tuna cewa sai an yanka ta take sa kuka.

3. Tanadi amsa ɗaya

Nafi'u mai faci sai ya leƙo ya ce, "Wai mi kaka karatu haka tun hantsi?" Ce masa, "Rana ta fi duniya girma nesa ba kusa ba." Zai ce, "Awo?" ya koma kan tayarsa. Kada ka ƙara ko kalma, iliminka ya ƙare a nan. Wani Audu na Liba an tambaye shi labarin wata, hankalinsa na can wurin saurayin, sai ya ce, "Ai munafuki ne, bai cancance ta ba." Har yau ba ya zama majalisa.

4. Yabi littafin

Mai karatu na gaske ba ya rowar abin da ya karanta. Ɗaga shi sama ka ce kowa ya kamata ya karanta wannan. Kada ka ji tsoro, da an ji kimiyya ce kowa zai tuna yana da ban-ruwa a fadama. Sai dai ka waiga tukuna, kada surukinka Alhaji Atiku na tsaye a bayanka.

5. In kuwa yana tsaye

Zai miƙo hannu ya ce, "Ba ni in gani, yaro. Ni ma ina son sanin lamarin sama." Ba a hana suruki. Durƙusa ka miƙa da hannu biyu, ka tafi gida ka fara tambayar ko akwai gidan haya a Kuberi. Wallahi akwai ciwo: ga kunya, ga shi babi ɗaya ya rage maka.

6. Ranar da ya aiko kiranka

Cire takalmi tun daga waje. Za ka same shi a zaure, littafin a cinya, ido ya yi ja. Zai rage murya.

"Wagga kimiyya akwai nauyi. Akwai na biyu?"

Ce, "Akwai, Baba."

"To kawo man, da nashi bangon irin wanga. Amma marubucin bai kyauta ba da yak kashe Fadila a ƙarshe."

Kada ka yi ihu. Ce, "Allah shi jiƙan ta, Baba," ka nemi takalminka.

Gargaɗi: Mai wannan shawara ba ruwansa da bangon ƙanenka, da fushin uwargida in ta nemi littafinta ta ji yana hannun mahaifinta, da duk surukin da ya faɗa maka ƙarshen labari. Girma na yi maka alkawari, ban ce Fadila za ta rayu ba.