Yadda Za Ka Koyar da Jita Ba Tare da Ka Iya Ba

Ina tabbatar maka, in ka bi matakan nan bi da bi, cikin wata guda za a riƙa ce maka Malam a kan titi, ko da rabin waƙa ka iya. An gwada hanyar a kan mutum mai rai: wani tela da ke ƙasan benenmu, wanda ƙaninsa ya yi tafiya ya bar masa jita a bayan ƙofa.

1. Rataye ta inda za a gani

Kada ka ce ka iya, kada kuma ka ce ba ka iya ba. Tela ƙusa kawai ya buga saman keken ɗinkinsa, ya rataye jitar, ya ci gaba da aikinsa. Ana kwana huɗu wani direban bas ya kawo gyaran wando, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, koyarwa kake yi ne?"

Da allura a bakin Tela, sai ya ce, "Uhm."

Wannan "uhm" ita ce takardar shaidarka. Ka adana ta da kyau.

2. Nemi ɗalibin da ba ya tambaya

Ranar Asabar direban ya zo da autarsa, 'yar shekara tara. Ya ja Tela gefe ya ce tun da suka tashi daga tsohuwar unguwarsu, ta rabu da ƙawayenta, yarinyar ta ɗauke magana. A gida da makaranta, daga gyaɗa kai sai girgiza shi. Malamar ajinsu ce ta ce a gwada mata kiɗa.

Tela ya yi masa jaje a fuska, a zuci kuwa ya yi hamdala. Kai ma haka za ka yi. Ɗalibin da ba ya magana ba ya tona asiri.

3. Saita tsirkiya

Darasi awa guda ne, abin da ka sani kuma bai wuce na minti goma ba. Sauran lokacin na saiti ne. Murɗa, kasa kunne, ɓata fuska, warware, sake murɗawa. Waɗanda suka ƙera jita ba su sa mata tsirkiya har shida a banza ba. Tausayin malamai suka ji.

4. Riga ɗalibi da kwana ɗaya

Ilimi ba ya buƙatar tazara mai yawa. Tela ya samo darussa kashi ashirin a waya, na wani mutum mai jar riga. Ya kalli kashi ɗaya ranar Juma'a, ya koyar da shi ranar Asabar da muryar wanda ya gaje shi kaka da kakanni. Yatsunsa suka yi kanta. Matarsa ta roƙe shi ya riƙa rufe ƙofa, ko don darajar maƙwabta.

Auta dai takan zauna a kan benci tsakanin tarin yadi, ta kalli hannunsa, ta yi yadda ya yi, ta tafi.

5. In ɗalibi ya wuce ka, daure fuska

A mako na bakwai Auta ta karɓi jitar ta kaɗa wani abu da Tela bai taɓa sanin ƙaramin yatsa na iya yi ba. A nan akwai jimla guda da za ka haddace. Tela ya gyara zama ya ce, "Ba mu zo nan ba tukuna."

Yarinyar ta dube shi. Sai ta buɗe baki, karo na farko tun zuwanta shagon.

"Kashi na sha biyu ne, Malam. Na mai jar riga. Ni ma shi nake kallo a wayar Baba."

Ta gyara riƙon jitar, ta tambaye shi:

"Kai kana na nawa?"

"Na bakwai," in ji Tela.

"Na bakwai akwai wuya," ta ce. "Kawo hannunka."

6. Kada ka gudu, shagonka ne

Ranar da uban ya zo ɗaukarta da wuri, abin da ya tarar ke nan: Malam rungume da jita yana zufa, Auta tsaye a kansa tana lanƙwasa masa yatsu.

"Ba haka ba, Malam! Sau uku ina faɗa maka. Danna da ƙarfi, ba cizo take yi ba. Sake!"

Tela ya zabura ya miƙe. "Yallaɓai, wata sabuwar hanyar koyarwa ce, a ƙasashen waje…"

Direban ya ɗaga masa hannu. Bai ma kalle shi ba, 'yarsa yake kallo, makullin mota a hannunsa, idonsa ya kawo ruwa. "Zauna, Malam. Bar ta ta ƙarasa."

Da suka fito bakin titi, Tela ya ga ƙarya ta ƙare masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya, Yallaɓai, ni ban…"

"Na sani tun mako na biyu. Ina jiyo ka daga cikin mota." Ya share ido da bayan hannu. "Wata biyar rabona da jin faɗanta. Asabar ƙarfe huɗu, ko?"

7. Yi aikin gida

Wannan matakin ba ya cikin tsarina, Auta ce ta ƙaro shi. Tana duba kan yatsu kafin a fara, kuma ba ta karɓar uzurin ɗinki ya yi yawa.

Togiya

Mai wannan rubutu ba shi da hannu idan tsirkiya ta tsinke ta zane maka fuska, ko maƙwabta suka daina amsa gaisuwarka, ko uban naka ɗalibin ya kasance soja ne ba direba ba. Haka kuma ba ruwansa idan garin ƙarya ka wayi gari ka iya jita da gaske. Tela yanzu yana kashi na sha ɗaya. Malamarsa ta ce yana ƙoƙari, sai dai surutu ya yi masa yawa.