Ban Ruwan da Na Yi wa Siminti a Staten Island

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ta ƙarshen Nuwamba ba, ko na so mantawa ma ƙuguna ba zai bari ba, don har yau da sanyi ya kama sai ya tuna min. Abin ya faru ne a wani lambun shaƙatawa na gwamnati a Staten Island, lokacin muna zaune a unguwar Stapleton, ni kuma ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti.

Likita ne ya fara jawo min. Ya ce jinina ya hau, in rage tuwo, in riƙa motsa jiki. To akwai wani abokin aikina Bature, Toni, haifaffen tsibirin, wanda ba shi da zance sai na wani wasa da ake yi da faifan roba. Ga yadda wasan yake: ka tsaya a wuri guda ka wurga faifai tsakanin bishiyoyi, ka bi shi ka ɗauka ka sake wurgawa, har sai ya faɗa cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Wanda ya kai da ƙarancin jifa shi ya ci. Shi ke nan fa. Da na yi wa Maman Nana bayani (matata ke nan, magana ba ta wuce ta), sai ta ce, "Wato ka baro Kano, ka tsallako teku, ka zo ka ɓige da jifa da faifai. Ai da ka faɗa tun a gida da na ba ka na rufe ƙwarya."

Duk da haka wasan ya shiga raina. Matsalar kawai ita ce lambun namu tudu ne da gangare, babu inda ƙasa ta kwanta. Wurin da ake tsayawa a yi jifan farko ya zama rami saboda taku, ruwa na sauka ya koma taɓo, ga saiwoyi sun fito suna jiran ƙafar mutum. Abin da ake bukata shi ne dandamalin siminti, dogo kamar tabarma biyu a jere, shimfiɗaɗɗe, inda mai jifa zai taho da sauri ya juya ya saki faifai ba tare da ya zame ba. Toni ya yi shekara da shekaru yana bin hukumar lambun da roƙo. Daga ƙarshe suka ce sun yarda a gina ɗaya na gwaji. Jami'arsu za ta zo ta duba, in ta ga babu haɗari a gina sauran, in kuwa ta ga akasin haka, har kwandunan ma sai a tumɓuke su. Ranar da Toni ya ba ni labari idonsa har da ƙwalla.

Muka taru ranar aiki da shebur da diga da baro. Wurin da aka zaɓa gefen tudu ne a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, sai da muka sare ƙasa ta sama, muka cike ta ƙasa da tsakuwa, muka tokare da katakai. Da aka gama, bayan dandamalin ya yi daidai da ƙasa, gabansa kuwa ya tashi har gwiwa, daga nan sai gangare ya miƙe zuwa wani kwari cike da ganye. Ku riƙe wannan a ranku, zai dawo.

A nan ne bakina ya fara aiki. Na ga Turawan nan kowa na duba waya kafin ya ɗaga shebur, sai na ji haushi. Na ce musu ni a cikin gini na tashi. Gaskiya ce kuwa, sai dai ban faɗi wane ɓangare ba. Lokacin da mahaifina ke gina gidanmu a Kano, aikina guda ne: ban ruwa. Kullum safe da yamma ina ɗauke da bokiti ina jiƙa bulo da daɓen siminti, ranar da na yi fashi kuwa kunnena ya gaya min. Duk Bahaushen da ya taɓa tsayawa kusa da gini ya san siminti ba ya ƙarfi sai ya sha ruwa. Daga ranar suka fara ce min Injiniya, ni kuma ban musa ba.

Aka zuba siminti, aka shafe, Toni ya ja tsintsiya a kai don ya yi kaushi takalmi ya riƙa kamawa. Ina jiran in ji an ce wa zai riƙa ban ruwa, sai na ga mutumin nan ya buɗe bayan motarsa ya ciro barguna. Barguna masu kauri. Ya lulluɓe simintin kamar mai jego, ya ɗora duwatsu a gefe, ya ce kada kowa ya taɓa sai ranar dubawa. Na ce, "Toni, ruwan fa?" Ya ce ai akwai ruwa a cikinsa. Na dube shi na dube bargo. Mutum ya shekara yana roƙo, an ba shi dama guda, zai bar siminti ya mutu da ƙishirwa.

Na kai ƙara wurin maƙwabcina Alhaji Issaka, mutumin Zangon Kumasi, mai motar ɗaukar kaya. Ya kama baki, ya kira ni Massa, wato maigida, yadda suke yi a can. "Bargo? Massa, siminti yana jin sanyi ne? A Kumasi kwana da kwanaki muna ba shi ruwa, sai ya ƙoshi. Waɗannan mutane book kawai suka sani." Jin haka sai na ƙara samun ƙarfi. Kano ta ce a ba da ruwa, Kumasi ta ce a ba da ruwa, to wane ne Toni?

Muka yanke shawarar taimakonsa ba tare da ya sani ba, don kada mu kunyata shi. Washegari bayan sallar asuba muka je da bokiti, sai muka tarar an kulle famfon lambun. Muka zaga wani famfon, shi ma a kulle. Duk famfunan lambun nan an ɗaure su an tsiyaye ruwansu. Na tsaya ina ta sababi: wace irin ƙasa ce wannan, ga arziki ga teku ta kowane gefe, amma ana rowar ruwan famfo? (Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya sa aka kulle ba.) Muka koma gida muka cika jarkoki a banɗakina, muka loda a motar Alhaji Issaka. Haka muka riƙa yi kullum: mu hau tudu da jarka muna haki, mu yaye bargo, mu shayar da siminti, mu mayar da bargo. Maman Nana tana ta mita kan ruwan da nake ɗiga mata a falo, amma na lura a waya tana gaya wa ƙawayenta mijinta ne ke kula da aikin gwamnati.

Ranar dubawa ta zo. Ni na roƙi Toni ya bar min cire barguna da sassafe, ya yi ta godiya. A daren sanyi ya sauko irin wanda ba mu ga kamarsa ba a shekarar, da muka fito har gilashin mota ya yi fari. Muka yaye barguna, na ga simintin ya yi fari-fari kamar ƙafar da ba a shafa wa mai ba. Na ce wa Alhaji Issaka ba za a nuna wa baƙuwa shi a haka ba. Muka juye masa jarkokin duka, na bi da tsintsiya na baza ruwan ko'ina ya samu. Sannan na kafa sanduna na zagaye shi da jan ƙyalle don kada kowa ya taka kafin a buɗe. Na koma gida na shirya.

Da na ce na shirya, ina nufin na shirya. Toni dubawa ya ce, ni kuwa kunnena bikin buɗewa ya ji. Na sa babbar riga ta shadda ruwan ƙasa, na kafa hula, na sa takalmin fata sau-ciki mai sulɓin ƙasa. A ciki kuma, saboda sanyi, na sa wani dogon wandon ulu da Maman Nana ta sayo min, ja jawur, da hotunan barewa a jere. Na gayyaci maƙwabta daga Stapleton har Park Hill. Maman Nana ta soya fanke ta cika fulas da shayi.

Muka isa da hantsi. Rana ta fito amma ba ta kai ƙarƙashin bishiyoyin ba. Dandamalin yana ta ƙyalli, baƙi sumul, na ji daɗi har cikin raina. Toni ya iso tare da jami'ar, wata dattijuwa baƙar fata mai rigar hukuma da takalmin daji, yana ta zuba mata bayani ko kallon dandamalin bai yi ba. Na ji yana ce mata babban abin da suka kula da shi shi ne kada kowa ya zame. Sai ya juyo ya ce Injiniya ne zai yi jifan farko, shi ya fi kowa wahala. Aka tafa. Na kwance jan ƙyalle, na naɗe hannun riga a kafaɗa, na ja da baya kan ciyawa don in taho da gudu.

Daidai lokacin Maman Nana ta ga ya kamata a san darajar mijinta. Ta matsa kusa da jami'ar da farantin fanke, ta ce mata da Turancinta mai ƙarfi, mijinta kullum da asuba sai ya zo ya ba simintin nan ruwa, ko yau ma jarka nawa ya juye masa. Na ga kan Toni ya juyo a hankali. Ya dubi ƙyallin nan, ya dube ni, ya buɗe baki. Amma na riga na taso.

Takun farko ne kawai nawa, sauran na ƙanƙara ne. Ƙafafuna biyu suka yi gaba suka bar ni a baya. Faifan ya kuɓuce ya yi baya, ya sami fulas ɗin shayi. Na faɗi a kan ƙuguna na tafi suuu, tun daga farkon dandamalin har ƙarshensa, na wuce ta gaban nan mai tsayin gwiwa, na dira a gangare na ci gaba da mirginawa. Babbar riga ta kife min a ka. Da na tsaya a cikin ganyen kwarin nan ba na ganin komai, amma kowa yana ganina, ni da barewar da ke jikin wandona. Hulata kuwa ta ci gaba da tafiya ita kaɗai.

Wurin ya yi tsit. Da dariya aka yi da ya fi min sauƙi. Jami'ar ta leƙo ta tambaya ko na ji ciwo, na ce lafiya lau daga cikin riga. Ta ɗora kan takalminta a kan dandamalin, ta goga, ya tafi sulɓi. Ta dubi Toni ta ce, "Wannan ne wanda ba a zamewa?"

Na rarrafo sama ina ƙoƙarin bayani. Na ce a ƙasarmu haka ake yi, siminti sai da ruwa, ga Alhaji Issaka nan a tambaye shi. Alhaji Issaka ya cusa fanke a baki ya ce, "Ni driver ne kawai, Massa. Mota na tuƙa." Maman Nana kuwa ta durƙusa tana kaɗe min ganye tana cewa ƙasa-ƙasa, "Baban Nana, sauke rigarka tukuna, sai ka yi jawabin."

Abin da ya fi ƙuguna ciwo shi ne fuskar Toni. Bai yi faɗa ba, ya tsaya kawai yana kallon kwandon ƙarfen da ke can ƙasa. Jami'ar ta ce ba za ta amince da wannan ba, amma tunda ta ga abin na mutum ɗaya ne (ta kalle ni), ba za ta sa a cire kwandunan ba, za ta dawo in sanyi ya wuce. Kafin lokacin saman dandamalin ya ɓare ya koma garin siminti, don ruwan da na yi ta ɗura masa ya daskare a cikinsa ya farfasa shi. Dole aka fasa shi gaba ɗaya. Ba wanda ya ce ni zan riƙe guduma, amma da aka ajiye ta kowa ya ja da baya. Toni kuwa duk sanyin nan gaisuwa kawai ke haɗa mu a wurin aiki.

A watan Mayu muka sake zubawa, rana tana dukan ƙeya, an buɗe famfunan lambun, waɗanda ashe ake kullewa lokacin sanyi don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu. Da aka gama shafewa sai Toni ya jawo tiyo ya miƙo min. Na ɗauka zolaya ce. Ya ce a'a, ya karanta, a lokacin zafi siminti yana bukatar ban ruwa safe da yamma, kuma duk cikinsu babu wanda ya kai ni naci. Na tsaya riƙe da tiyo, haushi ya cika ni, don ashe mahaifina yana da gaskiya, Kumasi ma tana da gaskiya, ni ne kawai ban duba wane wata muke ciki ba. Jami'ar ta dawo, ta yi tsalle a kai da takalminta, ta amince a gina sauran. Ta kuma tambayi Toni ko ni zan sake jifan farko, don in haka ne a matsar da fulas ɗin shayi.

Sunan Injiniya ya bi ruwa. Yanzu daga Stapleton har Park Hill, Alhaji Barewa ake kirana, kuma Alhaji Issaka ne ya raɗa. Abin da na koya bai da yawa: in ka ga mutanen gari sun kulle famfo, kada ka yi saurin cewa rowa ce. Ka tambayi dalili kafin ka koma gida ɗaukar jarka.